Gwajin da babu rukunin kwatance a cikinsa: yaushe za a yarda da sakamakonsa?

Tambaya: Wani ɗalibi mai digiri na biyu ya rubuto cewa ya ba wasu masu hawan jini wani sabon haɗin magani na tsawon wata biyu. Ya auna jininsu kafin a fara, ya sake aunawa bayan an gama, ya tarar jinin mafi yawansu ya sauka. Malamin da ke duba aikinsa ya ce wannan bai tabbatar da komai ba, tunda babu wani rukuni da ba a ba maganin ba balle a kwatanta. Shi kuwa yana ganin ai ga alƙaluma nan sun nuna. Wa ke da gaskiya, kuma gwaji irin wannan ba shi da wani amfani ke nan?

Amsa: Malaminka ya fi ka gaskiya, ko da yake cewa "bai tabbatar da komai ba" ta ɗan yi tsauri. Ka tabbatar da abu guda, wato jinin mutanen nan ya sauka cikin wata biyu. Abin da kake so ka rubuta kuwa shi ne maganinka ne ya saukar da shi. Tsakanin maganganun biyu akwai tambayar da aikinka bai amsa ba: da ba ka ba su komai ba, yaya jinin nasu zai kasance? Ba za ka iya komawa baya ka sake wata biyun nan da mutanen nan ba tare da magani ba. Shi ya sa ake ware wasu mutane masu kama da su ta kowace fuska, a bi da su yadda aka bi da na farkon in ban da maganin, su tsaya a madadin abin da zai faru da ba a yi komai ba. Su ne rukunin kwatance. Idan babu su, ba wai ka daina kwatantawa ba ne. Kana kwatantawa da wani zato da ke cikin ranka, cewa da an bar su da jinin ya tsaya yadda yake. Wannan zaton shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma a hawan jini ba shi da ƙwari ko kaɗan.

Mu fara da yadda ka zaɓi mutanen. Na tabbata ka ɗauki waɗanda awonsu ya wuce wani mataki ne ranar da ka auna su, wataƙila 140 bisa 90. To jinin mutum ba tsaye yake wuri ɗaya ba. Yana hawa yana sauka daga safe zuwa yamma, daga yau zuwa gobe, gwargwadon barci da gajiya da ɓacin rai. Cikin waɗanda suka haye matakin nan ranar farko, akwai masu hawan jini na gaske, akwai kuma waɗanda kawai ka same su a ranar da jinin nasu ya fi hawa. Wanda ka samu a ranar da nasa ya sauka bai shiga bincikenka ba ma. Ke nan ka tara rukunin da ya cika da awon da ya zarce yadda aka saba, kuma idan ka sake auna su bayan wata biyu, matsakaicin awonsu zai yi ƙasa ko da ruwan sha kawai ka ba su. Ana kiran wannan komawa matsakaici, kuma Francis Galton ya bayyana shi tun 1886 a bincikensa kan tsawon iyaye da na 'ya'yansu. Ba cuta ba ce, ba magani ba ne, lissafi ne tsagwaro, kuma a ganina babu abin da ya fi shi yaudarar masu binciken "kafin da bayan". Dalili kuwa, kusan kullum ba a sa hannu a abu sai ya yi muni: ana gyara hanya bayan shekarar da haɗari ya yi yawa a kanta, ana ba ɗaliban da suka fi faɗuwa jarrabawa ƙarin darasi, marar lafiya yana zuwa asibiti ranar da ciwon ya kai maƙura. A duk waɗannan, sauƙi na nan tafe ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Faɗuwa ce ke zuwa daidai da zama.

A kan wannan sai ka ɗora sauran. Mutane da yawa jininsu kan hau idan suka zauna gaban ma'aikacin lafiya karon farko, a karo na uku ko na huɗu sun saba. Wanda aka gaya wa yana da hawan jini kuma ya san za a sake auna shi yakan rage gishiri, ya koma shan tsohon maganinsa da ya yi watsi da shi. Waɗanda haɗin bai karɓe su ba sukan daina zuwa, sai awon ƙarshe ya zama na waɗanda suka ji daɗi kawai. Ga kuma kai kanka mai awon. Ba zargin ha'inci nake yi maka ba, amma mai fatan ganin sauƙi yakan sake awon da ya fito sama, ya bar wanda ya fito ƙasa yadda yake, ba tare da ya lura ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Za ka ji ana tattara duk wannan a ce ƙarfin imani da magani ne, wato mutum ya warke don ya yarda an ba shi magani. Akwai abin dariya a tarihin wannan magana. A 1955 Henry Beecher ya wallafa cewa kimanin kashi 35 cikin 100 na marasa lafiya suna samun sauƙi daga ƙwayar da babu magani a cikinta, wato ƙwayar wofi, kuma wannan adadi ya yi shekaru yana yawo. Amma shi ma bai kwatanta da waɗanda ba a ba komai ba. Da wasu masu bincike biyu daga Denmak, Hróbjartsson da Gøtzsche, suka tattara gwaje-gwajen da ke da rukunin ƙwayar wofi da rukunin da ba a ba komai ba a 2001, sai suka ga bambancin ƙanƙane ne, kuma ya fi fitowa a abin da marar lafiya ke faɗa da bakinsa, kamar zafin ciwo. Mafi yawan abin da ake jingina wa imani ashe lafawar ciwo ce ta kansa da komawa matsakaici.

Kada ka ɗauka ɗalibai kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1962 Owen Wangensteen, babban likitan tiyata a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ya fito da hanyar maganin gyambon ciki ta daskarar da tumbi: marar lafiya ya haɗiye wata balan-balan, a riƙa zagaya ruwa mai tsananin sanyi a cikinta don a rage tsamin ciki. Mutum 24 ya ba da rahoto a kansu, kuma sun ce sun samu sauƙi. Asibitoci suka sayi na'urar, aka yi wa dubban mutane. Sai a 1969 aka wallafa gwajin da aka raba mutum 160 gida biyu, 82 aka daskarar musu da gaske, 78 suka haɗiye balan-balan ɗin amma ba a daskarar da tumbinsu ba. Babu bambanci tsakaninsu. Gyambon ciki dama ciwo ne mai tashi ya lafa. Haka aka yi da tiyatar ɗaure wata jijiyar ƙirji don maganin ciwon ƙirji na zuciya a shekarun 1950. Da Leonard Cobb da abokan aikinsa suka gwada ta a kan mutum 17 a 1959, wasu aka ɗaure jijiyar, wasu aka tsaga fata kawai aka ɗinke, sai duka ɓangarorin suka ce sun ji sauƙi.

Waɗancan dai ɓata lokaci da kuɗi ne da wahalar da mutane. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne na magungunan daidaita bugun zuciya. An san cewa wanda ciwon zuciya na farat ɗaya ya kama ya tashi, idan zuciyarsa na yawan tsallen bugu, ya fi shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya. Magunguna irin su enkainid da filekainid suna kawar da wannan tsallen, kowa na iya ganin haka a takardar awon zuciya kafin da bayan. Likitoci suka yi ta rubuta su, har wasu na ganin zalunci ne a hana wani rukuni don gwaji. Da aka yi gwajin da ake kira CAST, sai aka dakatar da ɓangaren waɗannan magunguna biyu a 1989: mutum 56 cikin 730 da suka sha maganin sun mutu, a rukunin ƙwayar wofi kuwa 22 cikin 725. Ka tsaya ka duba adadin nan da idon likita guda da ke ganin marasa lafiyarsa. Cikin kowane 100 da ya ba maganin, fiye da 90 suna nan da ransu, takardar awonsu ta yi kyau, waɗanda suka mutu kuma dama masu ciwon zuciya ne. Ta ina zai gane cewa maganin na kashe mutane? Ba zai taɓa ganewa ba, komai ƙwarewarsa, sai an ajiye masa ɗaya rukunin a gefe. Akwai darasi na biyu a nan da ya shafe ka kai tsaye: sauka a na'urar awo daban, raguwar shanyewar jiki da mutuwa daban.

Na baya-bayan nan kowa ya shaida shi. A watan Maris na 2020 wasu likitoci a Marseille ta Faransa suka wallafa cewa haidiroksikulorokwin na kawar da ƙwayar cutar korona. Mutum 26 aka fara ba maganin, aka cire shida daga lissafi, cikinsu har da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya mutu. Waɗanda aka kwatanta da su ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba, wasu ma a wasu asibitoci suke. Rahoton da ya biyo baya na mutum 80 ba shi da rukunin kwatance sam. A cutar da mafi yawan masu ita ke warkewa da kansu, cewa "mun ba su magani sun warke" ba ta da nauyi. Gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya raba dubban marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, ya samu mutuwar kashi 27 cikin 100 a masu shan maganin da kashi 25 a waɗanda ba su sha ba cikin kwana 28. Wannan gwajin ne kuma ya gano cewa deksametason, tsohon magani mai araha, na rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya bisa uku. An janye takardar ta Marseille a Disamba 2024.

Wataƙila ka ce, to in kwatanta da marasa lafiyar bara mana, ai bayanansu na nan a fayil. Ya fi babu, amma kaɗan. Wasu masu bincike uku, Sacks, Chalmers da Smith, sun duba wannan a 1982: cikin binciken da ya yi kwatance da marasa lafiyar baya, kashi 79 cikin 100 sun ce sabon magani ya fi, amma cikin gwajin da aka raba ta ƙuri'a a kan magunguna iri ɗaya, kashi 20 ne kawai suka ce haka. Abin lura, waɗanda aka ba maganin sun yi kusan daidai a nau'ukan binciken biyu. Rukunin baya ne ke fitowa da muni fiye da kima, domin shi ya ƙunshi kowa da kowa, alhali sabon rukuni an tace shi.

Matsalar ba ta tsaya a likitanci ba. A Amurka an daɗe ana kai yara masu ƙananan laifuka gidan yari su ji daga bakin fursunoni, don su tsorata su shiryu. Masu shirin sun riƙa ba da rahoton cewa galibin yaran ba su sake laifi ba. Da Anthony Petrosino da abokansa suka tattara gwaje-gwaje tara da aka yi ta ƙuri'a, sai ga shi yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba komawa laifi. A ɗakin gwaji kuma, duk wanda ya taɓa aikin gano ƙwayar halitta ya san dole a sa kwalba ɗaya da ruwa zalla a cikinta. Idan ita ma ta nuna alama, to gurɓacewa ce, sakamakon ranar duka ya tashi a banza. Ko labarin likitan nan John Snow da ake yawan bayarwa, cewa an cire hannun famfon Broad Street a Landan a Satumba 1854 sai kwalara ta tsaya, shi da kansa ya rubuta cewa annobar ta riga ta fara ja da baya kafin a cire. Hujjarsa mai ƙarfi tana wani wuri: ya kwatanta gidajen da ke unguwanni ɗaya amma kamfanonin ruwa biyu daban ke ba su ruwa, ya samu mutuwar 315 a kowane gida 10,000 na kamfanin da ke ɗiban ruwa inda ƙazantar birni ke zuba, da 37 a na ɗayan. Bai tsara gwajin da hannunsa ba, amma ya nemo abin kwatance.

Yanzu ga inda na ɗan saɓa da malaminka. Akwai lokacin da gwaji marar rukunin kwatance ya isa hujja. A Janairu 1922 a Toronto aka yi wa Leonard Thompson, yaro ɗan shekara 14 mai ciwon sukari, allurar insulin. A wancan zamani yaron da ya kamu da irin wannan ciwon sukari ba ya daɗewa, kowa ya san ƙarshensa. Ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya. Babu mai hankalin da zai ce a ware wasu yaran a hana su. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A 2001 ma, a gwajin farko na imatinib kan wani nau'in sankarar jini, 53 cikin 54 da suka sha isasshen adadi jininsu ya koma daidai, kuma mutane ne da maganin da ake da shi ya riga ya gaza a kansu.

Misalin da na fi so shi ne na istireptomaisin, domin magani ɗaya ne a hannun hukuma ɗaya. A ƙarshen shekarun 1940 Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta samu ɗan kaɗan daga maganin. Ga masu sanƙarau na tarin fuka, wanda kusan duk wanda ya kamu mutuwa yake yi, an ba su maganin ba tare da ware wasu a hana su ba, domin ko mutum kaɗan suka tashi an ga aiki. Ga tarin fuka na huhu kuwa, wanda wasu ke warkewa da hutu kawai, wasu su mutu, ba a san wa zai bi wace hanya ba, sai Austin Bradford Hill ya tsara rabawa ta ƙuri'a. Sakamakon da aka wallafa a 1948 ya nuna mutum 4 cikin 55 sun mutu a rukunin magani cikin wata shida, 14 cikin 52 a rukunin hutu kawai. Abin da ya raba hukuncin biyu shi ne yadda aka san makomar cutar idan an bar ta. Idan makomar sananniya ce ba ta sauyawa, kuma tasirin ya zo da sauri da girman da ba za a iya jingina shi ga wani abu ba, to tarihin cutar ya tsaya a matsayin rukunin kwatance. Paul Glasziou da abokansa sun ba da shawara a 2007 cewa a nemi bambancin da ya kai ninki goma ko kusa da haka kafin a yarda da irin wannan hujja. Magunguna masu irin wannan tasiri ba su da yawa. Galibi amfanin magani mai kyau matsakaici ne, girmansa bai wuce girman kurakuran da na lissafa maka ba, shi ya sa ba a iya rarrabe su da ido.

Auna aikinka da wannan. Makomar hawan jini cikin wata biyu sananniya ce ba ta motsi? A'a. Saukar da ka gani ta kai girman da komawa matsakaici da sabo da awo ba za su iya haifarwa ba? Da wuya. To aikinka yana ɓangaren tarin huhu, ba na sanƙarau ba.

Amma kada ka jefar da shi. Gwaji irin naka shi ne matakin farko da kusan kowane magani ke bi. Ya nuna maka ko mutane na iya jure haɗin, wane adadi za a iya sha, waɗanne illoli suka bayyana, mutum nawa suka daina zuwa da dalilinsu, da kuma yadda awon ke bambanta tsakanin mutane, wanda da shi za ka lissafa yawan mutanen da gwaji na gaba ke buƙata. Rubuta shi a matsayin binciken share fage. Ka ce jinin ya sauka da kaza, kada ka ce maganin ya saukar da shi. Ka kawo lissafin duk wanda ya fara, har da waɗanda suka ɓace a hanya, ka kuma jera sauran abubuwan da za su iya jawo saukar. Mai jarrabawa ya fi girmama ɗalibin da ya ga raunin aikinsa kafin a nuna masa.

Idan da sauran lokaci ka ƙara zagaye na biyu, abu na farko shi ne ka auna kowa sau da yawa a ranaku daban kafin ka ɗauke shi, kuma awon da ka yi zaɓe da shi kada ya zama shi ne awon farawa. Wannan kaɗai na rage komawa matsakaici sosai. Sai ka raba su gida biyu ta ƙuri'ar da kwamfuta ta fitar, wani daban ya riƙe jerin, don kada ka san rukunin da mutum na gaba zai faɗa kafin ka shigar da shi. Mai awon kada ya san wa ke shan me, kuma a yi amfani da na'ura mai nuna adadi da kanta. Rukunin kwatance ba lallai ya zama wanda aka bari ba magani ba. A hawan jini akwai magunguna tabbatattu, kuma kwamitin ɗa'ar bincike ba zai yarda ka hana mai buƙata ba, sai dai a masu ɗan hawa kaɗan na gajeren lokaci tare da sa ido. Kana iya kwatanta haɗinka da maganin da aka saba bayarwa, ko kowa ya ci gaba da nasa, a ƙara wa rabi haɗinka, rabi ƙwayar wofi mai kama da shi. Idan mutanenka kaɗan ne, tunda hawan jini ciwo ne mai daɗewa, kowane mutum na iya zama abin kwatancen kansa: rabi su fara da haɗin su koma ƙwayar wofi, rabi su fara da ƙwayar wofi su koma haɗin, a bar 'yan makonni a tsakani don tasirin na farko ya fita daga jiki. Kafin ka auna mutum na farko, rubuta abin da za ka auna, ranar da za ka auna shi, da saukar da za ka ɗauka a matsayin nasara, ka miƙa wa malaminka kwafi ya ajiye.